Amsa ga mai tambaya kan golf ɗin faifai: dalilin da ya sa faifanka ke karkata hagu ya faɗi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da ƙoƙari. Ka ce kun koma sabuwar unguwa a nan Amurka, ka tarar da kwandunan ƙarfe masu sarƙoƙi na golf ɗin faifai, wato wasan jefa faifan roba cikin kwando, a filin shaƙatawar da ke bayan gidanku, ka sayi faifai ɗaya mai lamba 12 a jiki, amma duk jifan da ka yi sai ya tashi sama, ya karkata hagu, ya faɗi bai kai taku arba'in ba. Kana son sanin ko ƙarfin hannu ne ya gaza, da abin da ya kamata ka saya, da kuma ko wasan zai yi da yara.

Hannunka lafiyarsa ƙalau. Faifan ne ya fi ƙarfinka a yanzu, don haka ka adana shi a gida tukuna.

Duba fuskarsa za ka ga lambobi huɗu a jere, misali 12, 5, -1, 3. Kamfanin Innova ne ya yaɗa wannan tsarin, akasarin sauran kamfanoni suka bi sahu. Ta farkon gudu ce, daga 1 zuwa 14, kuma a nan ne sababbin shiga suke ruɗewa. Babbar lamba ba alkawarin nisa ba ce. Tana gaya maka irin gudun da faifan yake buƙata daga hannunka kafin ya yi tafiyar da aka ƙera shi dominta. Mai lamba 12 bakinsa na da faɗi da kaifi, idan bai samu wannan gudun ba sai ya tsallake tsakiyar tafiyarsa gaba ɗaya ya faɗa ƙarshenta, wato karkatar hagun nan da take ba ka haushi. Lamba ta biyu, daga 1 zuwa 7, tana nuna yadda yake daɗewa yana shawagi. Ta uku, daga +1 zuwa -5, ita ce yadda yake jirkicewa dama a farkon tafiya yana cikin cikakken gudu. Ta huɗu, daga 0 zuwa 5, ita ce ƙarfin komawarsa hagu idan gudu ya ƙare. Wannan lissafin na mai jifan bayan hannu ne da hannun dama, inda faifan ke juyawa kamar hannun agogo. Bahago sai ya juya komai.

Faifai biyu sun ishe ka wata uku. Na farko fota, mai kauri da dasasshen baki, na jefawa cikin kwando da gajeren zango. Aviar ta Innova, mai 2, 3, 0, 1, ta isa. Na biyu matsakaici: Buzzz na Discraft mai 5, 4, -1, 1, ko Mako3 mai 5, 5, 0, 0. Na fi so wa mai koyo Mako3 saboda ba ya rufa wa kowa asiri, yadda ka sake shi haka zai tafi, in ka karkatar da shi zai nuna maka. Idan hannu ya fara faɗawa sai ka ƙara Leopard mai 6, 5, -2, 1. Akwai ƙunshin masu koyo na Innova mai Aviar da Shark da Leopard, shi ma ba laifi in kana son saye ɗaya ka huta.

Nauyin faifai yawanci a rubuce yake a cikinsa da giram. Babban mutum mai koyo ya nemi tsakanin 160 da 170, yara kuma 150 ko ƙasa da haka. Robar ma iri-iri ce. Mai araha irin su DX tana da daɗin riƙo, kuɗinta wajen dala goma, amma da ta sha karo da bishiyoyi bakinta yake cinyewa, faifan ya fara jirkicewa dama fiye da abin da lambarsa ta ce. Star da Champion sun kusa ninka kuɗin, sai dai sukan yi shekaru halinsu bai sauya ba. Fota a saye ta a roba mai araha, matsakaicin da zai riƙa dukan itace kuma a mai tsada. Shagunan faifai da yawa suna da akwatin gwanjo, ka leƙa. Launi kuwa ka ɗauki mai ɗaukar ido, ruwan hoda ko ruwan lemo. Kore da baƙi da ruwan ƙasa ciyawa ce take haɗiye su.

Tsarin wasan ba shi da wuya. Filin unguwa yakan zama rami 9 ko 18, kuma rami suna ne kawai da aka aro daga golf, kwando ake nufi. Kowanne yana da daɓen siminti ko na roba inda ake jifan farko, da allo mai nuna taswira da nisa. Nisan da ƙafa ake rubuta shi a nan: ƙafa 300 mita 91 ne. Daga inda faifanka ya tsaya nan za ka yi jifa na gaba, har ya shiga. Mai ƙarancin jifa shi ne gwani. Yawancin ramukan unguwa jifa uku aka ƙiyasta musu, ko da yake mai koyo zai riƙa yin biyar ko shida, kuma ba abin damuwa ba ne. Ƙafarka ta gaba za ta kasance daf da bayan inda faifan ya tsaya lokacin sakin jifa na gaba, cikin wani ɗan fili mai faɗin santimita 20 da tsawon 30. In kana son sake jefa wannan faifan, sai ka sa ƙaramin faifan alama a gabansa ta ɓangaren kwando kafin ka ɗauke shi. Bayan jifan farko, wanda ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, a rami na gaba kuma wanda ya fi kowa ƙarancin jifa a na baya shi ke buɗewa. Faifan da ya faɗa titi ko tafki ko duk inda allo ya ce wajen fili ne, ana ƙara maka jifa ɗaya, ka ci gaba daga cikin mita ɗaya da inda ya tsallaka iyaka. In ka ga kibiya a jikin bishiya, mando ke nan, dole faifan ya bi ta gefen da ta nuna.

Yanzu jifan kansa, wanda shi ne inda ya kamata ka kashe lokacinka. Manta da gudu da tsalle-tsallen da kake gani a bidiyo, a tsaye za ka fara. Ba wa kwando gefenka, kafaɗar dama tana kallonsa, ƙafafu a ware ɗan fiye da faɗin kafaɗa. Yatsu huɗu a ƙarƙashi suna damƙe da bakin faifan ta ciki, babban yatsa a sama yana danne daidai inda baki ya haɗu da fuska. Juya kafaɗu baya har ka daina ganin kwandon, nauyinka a ƙafar hagu, hannu a miƙe nesa da jiki. Sai ka mayar da nauyi kan ƙafar dama tukuna, ƙugu ya fara juyawa, gwiwar hannu ta yi gaba, faifan ya bi ta daf da ƙirjinka a miƙaƙƙen layi kamar mai jan igiyar janareta. Ba kai ne za ka buɗe yatsu ka sake shi ba, shi zai fizge kansa. Bayan ya fita ka bar jiki ya ƙarasa juyawa a kan diddigen dama. Wanda yake kafe ƙafa ya ƙi juyawa, gwiwarsa ce take biyan bashin.

Tashi saman da ka ce faifanka yana yi kafin ya faɗi, wannan hanci ne. Gaban faifan yana kallon sama lokacin da ya bar hannunka, iska ta daki cikinsa, ya hau, gudunsa ya mutu, ya rikito hagu. Maganinsa a wuyan hannu yake: lanƙwasa shi ƙasa kamar mai tsiyayar ruwa daga buta, ka riƙe shi haka har ƙarshen jifan. Kada kuma ka ja faifan daga ƙugu zuwa kafaɗa, ko ka jingina baya lokacin saki, duk biyun hanci suke ɗagawa. Sa a ranka cewa faifan a kan tebur yake zamewa. In jifanka bai wuce tsayin mutum biyu ba a duk tafiyarsa, kana kan hanya.

In ka ga yana fita wani lokaci hagu sosai wani lokaci dama sosai ba tsari, ka ɓoye faifan a bayan jikinka ne, dole ya kewaye ƙirjinka kafin ya fita. Wajen miƙa hannu baya ka bar tazara tsakaninsa da jiki. In kuma yana rawa a iska kamar marfin tukunya, riƙon ne ya yi sako-sako ko kana murɗa wuyan hannu a ƙarshe. Rage ƙarfi zuwa kashi bakwai cikin goma, sau da yawa nisan ƙaruwa ma yake yi.

Za ka ji ana haiza da anhaiza. Haiza ita ce ka saki faifan gefensa na waje yana ƙasa, ya yi baka zuwa hagu. Anhaiza gefen waje yana sama, ya yi dama. Da lanƙwasa ƙugu ake samar da su, ba da murɗa hannu ba. Iska ma tana da nata hukuncin: in tana fuskantarka faifan zai ɗaga ya jirkice dama fiye da yadda ka saba, sai ka jefa ƙasa-ƙasa. In daga bayanka take, zai nutse da wuri ya koma hagu, sai ka ba shi ɗan tsayi. Jifan gefe, wanda ake yi tafin hannu na kallon gaba, ka bar shi sai nan gaba, yana cin gwiwar hannun wanda ya tilasta shi.

Kusa da kwando nan ake cin wasa. Filin dindindin na farko, wanda Ed Headrick ya shimfiɗa a Oak Grove da ke Fasadina a Kalifoniya a 1975, turaku kawai ake jifa a lokacin. Daga baya ya ƙirƙiro kwando mai sarƙa, aka yi masa rajistarsa a 1977, kuma aikin sarƙoƙin shi ne su kashe gudun faifai ya zube cikin kwandon. Saboda haka sarƙa za ka nufa, ba bakin kwando ba. Zaɓi zobe ɗaya a tsakiyar tsayin sarƙoƙin, ɗan dama kaɗan da turken tsakiyar kwandon in da dama kake jifa, don faifan da ya daki gefen hagu yakan goga ya fice. Fuskanci kwandon, ƙafar dama a gaba, faifan daga wajen cibiya, ka tunkuɗa da ƙafar baya, hannu ya ƙare a miƙe kamar za ka gaisa da turken. Yawan dukan ƙarfen ƙasan kwandon alama ce cewa hannu kaɗai yake aiki ba ƙafa. A cikin mita 10 da kwando doka ta hana ka taka gaban alamarka sai ka nuna ka tsaya daram bayan saki. Faifan da ya kwanta a saman murfin kwando bai shiga ba. Fara atisaye daga mita 3, sai ka ci goma a jere ka ja baya taku ɗaya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne filin nan ba na 'yan faifai ba ne su kaɗai. Akwai mai tura keken jariri, da tsoho mai motsa jiki, da yara masu guje-guje, kuma yawancinsu ba su san suna tsakiyar hanyar jifa ba. Robar giram 170 mai kaifin baki tana fasa goshi ta karya haƙori. Muddin akwai mutum inda faifanka zai iya kaiwa, har da inda zai kai in ya kuɓuce, ka jira, ko ka tsallake ramin. In ya riga ya fita ya nufi mutane, ka ɗaga murya ka ce "Fo!", ita ce kalmar gargaɗin da aka sani. Ramin da ba a hango kwandonsa saboda tudu ko kwana, a tura mutum ɗaya ya duba. Abokan wasa duk su tsaya bayan mai jifa, su yi shiru. In na bayanku sun fi ku sauri ku ba su hanya. Reshen da ya tare maka hanya kuma ba a karya shi, doka ta hana, irin wannan ɓarnar ce ma take sa hukumar gari ta tumɓuke kwanduna.

Rubuta sunanka da lambar wayarka a cikin kowane faifai da alƙalamin da ba ya gogewa, al'adar wasan ce wanda ya tsinta ya kira. Kada ka ɗauke ido daga faifai sai ya tsaya, ka kama wata bishiya a matsayin shaida. A gasa minti uku ake bayarwa na nema. Kafin ka kutsa cikin jeji ka koyi gane foizin aibi, tsiron nan mai ganye uku-uku da mansa ke tayar da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Man yana maƙalewa a jikin faifai, don haka a wanke faifan da sabulu, a wanke hannu ma. A jihohin arewa maso gabas da su Minesota da Wiskonsin akwai kaska mai ɗauke da cutar Laim, sai a sa dogon wando a kuma duba jiki da na yara in an dawo gida. Ɗan tawul na goge raɓa da gorar ruwa su ne sauran kayan.

Yara kam wasan ya yi da su sosai. Ba kowannensu fota mara nauyi, ku tsaya a rami 9, wanda ba ya wuce awa ɗaya. Ku yi ƙungiya: kowa ya jefa, a zaɓi jifan da ya fi kyau, kowa ya sake jefawa daga nan, ta haka ƙaramin ba zai gaji ya karaya ba. Yawancin filayen unguwa kyauta ne, manhajar UDisc kuma za ta nuna maka taswirar naku da ranar da 'yan unguwa suke haɗuwar mako.

Sau biyu a mako ka je filin ƙwallo lokacin da ba kowa, ka yi jifa talatin zuwa arba'in a tsaye, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta gefe don ka ga hancin faifan da idonka. Ranar da matsakaicin ya fara kai mita 70 a miƙe ba rawa, sai ka shigo da Leopard da takun gudu. Mai lamba 12 ɗin ya ci gaba da jira har Leopard ɗin ta fara wuce mita 90. Allah ya ba da sa'a, a gaida yara.