Za a mayar da makarantar yaranmu akademi: sa hannun iyaye zai hana?

Tambaya: Ina zaune a Ingila. An aiko mana takarda cewa firamaren da yarana ke zuwa za ta fita daga hannun ƙaramar hukuma, ta koma akademi, wato makarantar da gwamnatin tsakiya ke ba kuɗi kai tsaye, a ƙarƙashin wata gidauniya. Mu iyaye ba mu yarda ba, har mun fara tara sa hannu. Zai yi amfani?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ku ci gaba da yawo da takarda, ki binciko wanda ya nemi canjin.

In kwamitin gudanarwar makarantar ne ya nema, kuna da bakin magana. Dokar akademi ta 2010 ta ce sai an tuntuɓi waɗanda abin ya shafa, amma tuntuɓa ba ƙuri'a ba ce. Ana iya jin ku a wuce. Masu ƙuri'a 'yan kwamitin ne, kuma a cikinsu akwai kujeru aƙalla biyu na iyaye. Su za ku kama, tun kafin ranar zama. Ku nemi rubutaccen bayanin zamansu na baya, doka ta ba ku. Ku tambaya a rubuce: kashi nawa gidauniyar za ta riƙa yanka daga kasafin makarantar, kuma wa zai riƙa yanke hukunci bayan canjin? Amsar nan ta fi sa hannu dubu sa ɗan kwamiti ya ja baya.

In kuwa daga sama umarnin ya zo, bayan Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu, ta ce makarantar ta gaza, abin ya fi wuya. Dokar 2016 ta cire tuntuɓar iyaye a irin wannan hali. Tun kafin ita ma, a 2012, iyayen firamaren Downhills a Tottenham sun tsaya kai da fata, amma ministan ilimi na lokacin, Michael Gove, ya rushe kwamitin makarantar, aka miƙa makarantar ga gidauniyar Harris.

Kada ku yi sanya. Da zarar an rattaba hannu kan yarjejeniyar kuɗi da ma'aikatar ilimi, bakin alƙalami ya bushe: filin makaranta galibi hayar shekara 125 ake ba gidauniyar, kuma babu hanyar komawa ƙaramar hukuma, sai dai a sauya gidauniya. Kotu wata uku kacal take bayarwa a shigar da ƙara, kuma ƙa'idar da aka bi take dubawa, ba dacewar shawarar ba.