Hitar banɗakina tana ɗiga

Tambaya: Malam, hitar bangon banɗakinmu ta fara ɗigar ruwa tun shigowar sanyi. Mai gyara ya ce a toshe wurin kawai. In yarda? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, fara kashe mata wuta, ki rufe famfon da ke ba ta ruwa, sannan a duba inda ruwan ke fitowa. In daga ƙaramin bawul ɗin bututun ruwan sanyi ne, kuma sai tana ɗumama ruwa yake ɗiga, aikinsa ke nan. Ruwa in ya yi zafi ƙaruwa yake yi, dole ya sami mafita. Don Allah kada ki bari a toshe shi, tankin na iya fashewa. A sa masa tiyo zuwa magudana.

In ta ƙarƙashin murfi ne, galibi robar bakin ƙarfen ɗumamawa ce ta mutu, canza ta ba tsada. Wannan ya fi tayar min da hankali, domin wayoyin wuta suna nan.

Amma in tsatsa ta huda tankin, ban yarda da walda ba, a sayi sabuwa. A riƙa sauya sandar maganiziyam ta ciki, wadda ke kare tankin daga tsatsa, duk shekara 2, zafi kuma a bar shi wajen digiri 60.