Marubuciyar da ta ajiye kujerar mataimakiyar shugaban ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A zamanmu na marubuta nan Kaduna gardama ta kaure kan ko marubuci zai iya siyasa, sai wani ya ce wai akwai wata mata a Bulgeriya da ta kai mataimakiyar shugaban ƙasa kuma ta sauka da kanta. Don Allah da gaske ne ko shaci-faɗi?
Daga wata ɗaliba, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da gaske ne, Blaga Dimitrova yake nufi, mai rubuta waƙoƙi da labarai, an haife ta a 1922 a garin Byala Slatina, ta rasu a Sofiya a 2003.

Ita ma fa da farko 'yar gida ce a wajen gwamnatin kwaminis, har Mosko ta je karatu, ta yi waƙoƙin yabon shugabanni, a hankali ta dawo daga rakiyarsu. Lokacin yaƙin Biyetnam ta je can da ƙafarta, har ta ɗauko wata yarinya ta riƙe. A 1981 littafinta Litse ya fito, hukuma ta ga da ita ake, aka bi shaguna aka kwashe shi.

Bayan Todor Zhivkov ya faɗi a Nuwamban 1989, mutumin da ya yi shekara 35 yana juya ƙasar, sai aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Janairun 1992 ta tsaya tare da Zhelyu Zhelev suka ci, shi ma an taɓa hana littafinsa a 1982. Marubuta biyu a sama kenan, amma tafiyar ba ta yi nisa ba. Gwamnatin firaminista Filip Dimitrov da take goyon baya ta rushe a Oktoban 1992, ita tana ganin Zhelev ya saki layi, tsofaffin 'yan kwaminis na dawowa ta bayan gida, ta miƙa takardar sauka, a Yulin 1993 ta bar kujerar.

Ni dai a ganina kujerar ce ba ta dace da ita ba. A Bulgeriya firaminista ke riƙe da gwamnati, mataimakin shugaban ƙasa ba shi da wani iko na a zo a gani, ga shi kuma dole ka iya bakinka, to mace da ta saba faɗar ra'ayinta ko an hana ina za ta iya wannan zaman. In kun sake haɗuwa ki tuna musu namu Tafawa Ɓalewa ma marubuci ne, sai dai shi gwamnatin a hannunsa take.