Kalanguna ya dushe tun shigowar damina, me zan yi?

Ɗan'uwa, ka ce kalangunka ya daina amo tun da ruwa ya sauka, ko ka matse shi a hammata muryar ba ta hawa. Laima ce. Fatar akuya tana shan danshi ta saki, tsarkiyoyin, wato igiyoyin da suka haɗa fuskokin biyu, su ma haka, shi ya sa matsawar ba ta kai wa fatar.

Ka shanya shi a hantsi kamar minti 10 zuwa 15, kana juya fuskokin biyu, kana ɗan taɓa shi da makaɗi har ka ji ya fara tashi. Kada ka gasa shi a bakin wuta. Wasu na yi don sauri kafin wasan dambe, amma tsakiyar fatar ce ke bushewa ta bar gefe, bugu kaɗan sai ta tsage.

In ya bushe bai dawo ba, duba tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi sauran sakwarkwacewa ita ke karkatar da fatar, ka ji sauti yana rawa. Ka bi zagayen kana ja kaɗan-kaɗan har su daidaita. Man kaɗanya ɗan ƙanƙani a tsarkiya yana hana ta tsinkewa lokacin hunturu, amma kada ya taɓa fuskar da ake kaɗawa, zai kashe amon.

Wurin ajiya kuwa, rataye shi a ɗaki mai iska, a jakar yadi, ban da leda. A ƙasa ɓera da gara za su riga ka.