Tambayoyinku: Sabon Gyaran Faifan American Beauty Ya Cancanci a Neme Shi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina sauraron ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Grateful Dead, amma kusan duk abin da na tara na wasanninsu ne na dandali. Wani abokina ya dage cewa faifayensu na situdiyo ɓata lokaci ne, wai kiɗansu ba ya rayuwa sai a gaban jama'a. Yanzu kuma na ga faifansu na situdiyo American Beauty da aka sake tace sautinsa a 2020. Me ake canzawa idan an ce an tace sauti? Ya cancanci in nema, ko dabarar 'yan kasuwa ce ta sayar mana da abu ɗaya sau biyu?
Daga wani mai karatu

AMSA: Ɗan'uwa, barka kadai. Ka neme shi. Amma bari in fara da abokin naka, domin maganarsa ba ta rasa tushe ba.

Tun da suka haɗu a Kalifoniya a 1965 har zuwa rasuwar babban mai jitarsu Jerry Garcia a watan Agustan 1995, mutanen nan sun yi wasa fiye da 2,300, kuma ba sa maimaita jerin waƙoƙin jiya a yau. Waƙa ɗaya, Dark Star, ta cinye kusan minti 23 a faifan Live/Dead na 1969. Masoyansu kan bi su gari-gari da rakoda, har ƙungiyar ta ware musu wurin tsayawa a 1984. Wanda ya saba da wannan, dole waƙar minti huɗu ta yi masa kaɗan. Su kansu sun sha wuya da situdiyo a farko: Aoxomoxoa na 1969 ya ci watanni da kuɗi har ya bar su da bashin kamfanin Warner Bros. a wuya.

Inda na rabu da abokinka shi ne shekarar 1970. A watan Yuni suka fitar da Workingman's Dead, a Nuwamba kuma American Beauty, wanda suka naɗa tsakanin Agusta da Satumba a situdiyon Wally Heider da ke San Faransisko tare da injiniya Stephen Barncard. Waƙoƙi 10 ne, minti 42 ko kusa da haka. A nan suka ajiye doguwar sheƙa jita, suka ɗauki jitar katako, suka zauna koyon jera murya uku a kan baitocin marubucin waƙoƙinsu Robert Hunter. Wannan aiki ne da dandali bai taɓa ba su damar yinsa da kyau ba, don a cikin ƙarar lasifika da ihun jama'a muryoyinsu kan kauce wa juna. Mai son ya ji Garcia da abokan kiɗansa Bob Weir da Phil Lesh sun daidaita kamar bakin mutum ɗaya, sai ya koma situdiyo.

Yanzu batun tacewa. A wancan zamani ana naɗar kowane abin kiɗa a layinsa a kan faffaɗan tef, ganga daban, jita daban, kowace murya daban. Daga nan a haɗa su a sauke a tef mai layi biyu, hagu da dama, wanda shi ne uwar faifai. Matakin ƙarshe shi ne a daidaita kauri da kaifi da ƙarfin sautin wannan uwa don ta dace da abin da za a buga, garmaho ne ko sidi. Sake tacewa wannan matakin na ƙarshe kaɗai yake taɓawa. Sake haɗawa kuwa komawa ne can baya a sauya yadda aka jera kayan kiɗan, kuma wannan yana iya mayar da faifai wani abu daban. Garcia da Lesh sun yi wa Aoxomoxoa haka a 1971, suka zubar da abubuwa da dama, har yau masoya na gardamar wanne ya fi. American Beauty na 2020 ba a yi masa haka ba. Haɗin 1970 ne yadda yake. Kamar bugun shadda ne: saƙar tana nan, ƙyallin ake fitarwa, kuma mai bugu in ya wuce gona da iri shi ke lalata ta.

Abin da ya sa nake ganin wannan gyaran ya fi na baya, ciki har da wanda kamfanin Rhino ya yi a 2001, wata dabara ce da ake kira Plangent. Injin tef ba ya tafiya da gudu ɗaya daidai wa daida. Yana ɗan sauri yana ɗan jinkiri, kaɗan ƙwarai, amma ya isa ya sa sautin da aka ja da tsawo ya riƙa rawa. To, lokacin naɗa injin kan bar wani siririn amo a kan tef, mai tsinin da kunnen mutum ba ya kamawa. Masu wannan dabara sukan karanto amon, su mai da shi ma'auni, kwamfuta ta gano inda injin ya yi sauri da inda ya yi nawa, ta daidaita. Bayan nan injiniya David Glasser ya yi tacewar. A faifan da jitar lantarki ke ruri ba lallai ka lura da bambancin ba. A faifan da ya dogara ga murya da tsirkiya kuwa, nan ne wurinsa.

Ka fara da waƙar Attics of My Life. Kusan babu komai a cikinta sai muryoyi uku da ake ja a hankali, kamar waƙar coci. A tsohon kwafina muryoyin kan narke su zama dunƙule guda, mai daɗi amma a lulluɓe. A sabon, ina iya bin muryar Lesh ita kaɗai can sama, in ji inda ta tsaya cak ba ta karkarwa, in ji lokacin da suke jan numfashi tare kafin baiti na gaba. Sai Ripple, inda David Grisman ya kaɗa mandolin, ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya takwas. Yanzu ana jin bugun tsinken a kan tsirkiya kafin amon ya bazu, kuma taron muryoyin da ke shigowa a ƙarshe ya zama mutane da yawa a ɗaki ɗaya, kowa da muryarsa.

Box of Rain kuwa, wadda ta buɗe faifan, ita ce ta fi taɓa ni. Lesh ya tsara kiɗanta ne mahaifinsa na kwance cutar daji na cinsa, kuma shi ya rera da kansa. Ya bar jitar bas ɗinsa ga Dave Torbert ya ɗauki ta katako, Garcia ya koma fiyano, David Nelson ya ja jitar gaba. Murya ce ta wanda ba rera waƙa ne sana'arsa ba, tana da ɗan rauni, kuma na gode da ba a yi ƙoƙarin ɓoye raunin ba. A cikin watannin nan ne kuma Garcia ya rasa mahaifiyarsa bayan haɗarin mota. In ka san haka, waƙar Brokedown Palace ba za ta shige ka kamar da ba.

Zarginka ga 'yan kasuwa ma yana da hujja. Daga shekarun 1990 kamfanoni da yawa sun shiga gasar ƙara, suna matse sauti don faifansu ya fi na kowa amo, har tsakanin raɗa da tsawa ya zama babu tazara, a rubuta a bango an sabunta. Kunne kuma yana da saurin ruɗuwa, duk abin da ya fi ƙara sai ya ɗauka shi ya fi kyau. A kunnena gyaran 2020 bai faɗa ramin ba. Waƙoƙin masu sanyi sun zauna da sanyinsu, Truckin' kuma ta tashi a lokacin tashinta.

Akwai ƙarin da zai faranta wa abokinka. Bugun 2020 ɗin, na cika shekara 50, faifai uku ne, biyu daga ciki cikakken wasan da suka yi ne ranar 18 ga Fabrairun 1971 a Capitol Theatre da ke Port Chester, jihar New York. A daren suka fara kaɗa Bertha da Wharf Rat da Playing in the Band a gaban jama'a, kuma daga shi mai ganga Mickey Hart ya janye sai 1974.

In a lasifikar waya kake saurare, kuma kana da bugun 2001, riƙe kuɗinka, ba za ka ji abin da na lissafa ba. In kana da abin sauraro na kunne mai kyau ko lasifika biyu da za ka zauna a tsakaninsu, ɗauko tsohon da sabon, ka rage wanda ya fi ƙara har su zo daidai, ka sa minti ɗaya na farkon Attics of My Life a wannan, ka sa a wancan. Daga nan ka yanke hukunci, ka kuma rubuto mana abin da ka ji.