Tambaya da Amsa: Mun Ci Karo da Tsingaro da Gawayi a Ramin Harsashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna haƙa harsashin gida kusa da Dutsen Kufena, da muka kai zurfin mita ɗaya sai ga tsingaro masu zane, da gawayi, da wasu baƙaƙen dunƙule masu nauyi. Leburori sun ce a ƙara zurfi ko akwai tulun dukiya. Me zan yi, kuma yaya ake gane shekarunsu? Daga mai karatu a Wusasa, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A ajiye diga a wannan gefen tukuna. Baƙaƙen dunƙulen nan ga alama kashin ƙarfe ne, ragowar tamar da aka narka, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar Zazzau. Kufena tsohon mazauni ne, kuma a shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narkar da tama a yammacin Samaru. Maganar tulun dukiya kuwa a bar ta, ita ce ta jawo aka farfasa wurare masu yawa a banza.

Darajar tsingaro tana wurin da yake kwance: zurfinsa nawa, a wace irin ƙasa, me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa. Da an kwashe an tara a buhu, wannan bayanin ya tafi ke nan. Shi ya sa masana ba sa gaggawa. Sukan shata murabba'i da igiya, mita ɗaya ko biyu kowane gefe, su riƙa kankare ƙasa da cokalin magini da burushi, santimita 10 a kowane hawa, ko su bi canjin launin ƙasar. Duk ƙasar da ta fito sai an tankaɗe ta da rariya mai ido kamar milimita 5. Kowane abu a ɗauki hotonsa a inda yake, a auna, a sa a leda mai lambar rami da ta hawa.

Gawayin shi ne zai faɗi shekaru. Duk mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon-14, bayan mutuwa rabinsa na ƙarewa a kowace shekara 5,730, don haka ana auna abin da ya rage, har zuwa kimanin shekara 50,000. A nan aka fi yin ɓarna. Kada a taɓa shi da hannu, kada a wanke. Da cokali ake ɗauka a naɗe a takardar alminiyam. Saiwar itace da ta ratsa shi takan sa ya nuna ƙuruciya. Gara da ramin ɓera sukan gangaro da gawayin sama zuwa ƙasa. Gawayin tsohuwar bishiya kuma yakan girmi wutar da ta ƙona shi, don haka an fi son ƙonanniyar ƙwayar gero, mai damina ɗaya a duniya.

Yanzu ka ɗauki hoto da awo a gefe, ka rufe ramin da leda saboda ruwan sama, ka sanar da mai unguwa, sannan ka je sashen nazarin kayan tarihi na jami'a a Samaru, ko Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana tono ba izini, ta kuma hana cinikin kayan.

TAMBAYA: Gumakan Nok su ne mafi tsufa da aka tono a Arewa? Daga wata ɗaliba a Kongo, Zariya.

AMSA: A'a, Malama. Na farkon waɗannan gumakan gasasshen yumɓu ya fito a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok na Jihar Kaduna a 1928, kuma binciken Jami'ar Goethe ta Jamus tun daga 2005 ya kai farkon al'adar Nok wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. Kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe ya girme su nesa ba kusa ba, yana da kimanin shekara 8,000. Wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987. Ya kai rahoto, masana suka fito da shi a 1994.