Amsa daga zangon Kumasi kan karatun muhalli

Yaya, ka tambaye ni abin da ya sa na bar 'yarka ta koma jami'a neman digiri na biyu a kimiyyar muhalli, ga likitanci ga aikin lauya. Ku a Katsina in an ce muhalli, hankalinku kan kwararowar hamada da dashen itatuwa yake tafiya. Mu a Kumasi ciwonmu ruwa ne.

Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar Asante har suka kafa zango. Yau masu galamse, wato masu haƙar zinari ba da izini ba, suna ta tone dajin nan. Kogin Ofin da na Pra sun yi jajir kamar kunun kanwa, ga gubar da ake wanke zinari da ita tana bin ruwan. Wanda ya iya auna ruwa da ƙasa ana nemansa a hukumar kare muhalli, ana nemansa a kamfanonin ma'adinai na Obuwasi da Tarkwa, domin ba a ba su izinin haƙa sai sun kawo rahoton illar aikin ga muhalli. Aikin ba ya faɗowa daga sama, amma akwai shi.

A Ghana in ka gama digirin farko sai ka yi bautar ƙasa shekara 1. Digiri na biyu mai bincike shekara 2 ne. A KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan garin, akwai shirin WASCAL, cibiyar binciken sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma, da Jamus ke ɗaukar nauyinsa, na digirin digirgir kan sauyin yanayi da amfani da ƙasa. WASCAL ɗin tana da rassa a Minna da Akure da Yamai, don haka ka faɗa wa ɗanka.

Batun kuɗi kuwa, susu muke yi, abin da kuke kira adashi. Kwasar uwarta ce ta biya kuɗin zangon karatu na farko. Da, dattawanmu allo kaɗai suka yarda da shi. Yanzu limaminmu da kansa ke tambayar yara sakamakon jarrabawa.

Aure da ka ambata, an riga an kawo gaisuwa. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa yaron: ta gama bincikenta. In za ta ƙauyuka ɗibar ruwan gwaji, ƙaninta ke raka ta, shi ke riƙe mata kwalabe.